Dan Allah mene bambancin torent da dawunlodin na yau da kullum? Datata ta ƙare a dare ɗaya

SabonHannu:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masana kwamfuta a taimaka min da bayani, abin nan ya tsaya min a rai tun jiya.

Ina koyon gyaran kwamfuta ne a shagon ogana, sai aka kawo wata tsohuwar laftof ogan ya ce in nemo Ubuntu, wani tsarin sarrafa kwamfuta na kyauta da ake sawa a madadin Windows, in sa mata tunda Windows ya yi mata nauyi. Na shiga shafinsu na danna dawunlod, fayil ɗin kusan giga 6 ne, sau biyu yana kaiwa wajen rabi yana yankewa, na farko netwok ne ya tafi na biyu kuma wuta aka ɗauke batir ya mutu, da na kunna sai ya ce in faro daga farko. To a shafin na ga sun ajiye wata hanya wai BitTorrent, wani abokina ya ce in sauke manhajar qBittorrent in gwada. Na gwada kuma gaskiya ya sauko lafiya lau, ko netwok ya tafi in ya dawo daga inda ya tsaya yake ɗorawa. Matsalar ita ce da hotspot ɗin wayata na haɗa na kwanta barci, da asuba na duba giga 15 ɗin da na saya babu ko kaɗan, alhali abin giga 6 ne. Kuma na tarar ya rubuta Seeding kibiyar sama tana ta motsi.

Wai ina sauran datar ta tafi? Sace ta aka yi ko kuwa? Kuma shi wannan torent ɗin daga ina yake ɗauko fayil in ba daga shafin Ubuntu ba? Sannan wani ya ce min laifi ne amfani da shi har kama mutane ake yi, ni kuma ba na son in jawo wa ogana magana a shago.

TsohonInjiniya:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka kwantar da hankalinka ba wanda ya saci datarka, kai ne ka yi ta rabawa mutane Ubuntu duk daren ba ka sani ba. Bari in faro daga tushe sai ka gane.

Dawunlodin da ka saba yi kwamfuta biyu ce kawai a cikin maganar, taka da wata babba da ake ce wa saba, wadda aka ajiye fayil ɗin a kanta. Ka roƙa, ta turo maka daga farkon fayil zuwa ƙarshensa a jere. Ka tuna zamanin makaranta in malami ya kawo handawut ya ajiye a shagon fotokwafi guda ɗaya, kowa dole can zai je, in ku goma ne ba matsala, in ku ɗari biyar ne ranar jajibirin jarrabawa sai layi, in injin ya lalace kuma kowa ya tashi a tutar babu. To haka saba take, duk yawan masu nema ita kaɗai ke ɗaukar nauyin, kuma mai ita ne ke biyan kuɗin duk abin da ya fita.

Torent kuma kamar malamin ne ya ware handawut ɗin shafi-shafi, ya ba wannan shafi na ɗaya ya ba wancan na bakwai ya ba wata na ashirin, ya ce ku je ku kwafa a tsakaninku. Kai da ka samu shafi ɗaya tak har ka zama mai amfani ga wasu, kana ba su naka suna ba ka nasu, kafin la'asar kowa ya haɗa cikakke kuma malamin bai buga fiye da kwafi ɗaya ko biyu ba. A nan yawan mutane ba ya kawo layi, ƙara hannu yake yi, kamar aikin gayya.

Ɗan ƙaramin fayil ɗin da ka fara saukewa mai .torrent a ƙarshensa ba Ubuntu ba ne, takardar bayani ce kawai. A ciki an rubuta sunan fayil, girmansa, gunduwa nawa aka yanka shi (kowace gunduwa daga 'yan kilobait ɗari biyu da wani abu zuwa 'yan mega), da wata lamba ta musamman ga kowace gunduwa da ake ce wa hash, kamar hoton yatsa take. In gunduwa ta iso manhajar za ta lissafa lambarta ta gwada da wadda ke takardar, in ba su yi daidai ba ta watsar ta nemo wata. Shi ya sa ko wuta aka ɗauke ba ya komawa farko, gunduwoyin da suka iso kuma aka tantance suna nan, waɗanda suka rage kawai zai nema. Sannan akwai adireshin taraka a ciki, ita taraka ba ta riƙe fayil ko kaɗan, aikinta kamar ɗan kamasho ne a tasha, ta ce maka ga su wane da wane suna da kayan nan ku haɗu. Yanzu ma ko babu taraka ana iya samun juna ta wani tsari da ake kira DHT inda su kwamfutocin da kansu ke riƙe da jerin adireshin a rarrabe, shi ne ma abin da magnet link, wato adireshin da ake dannawa a maimakon fayil ɗin .torrent, ke dogara da shi.

Abin da ya fi burge ni a tsarin nan tun da na fara karanta shi shi ne ba ya ɗauko gunduwoyi a jere. Yana dubawa ne ya ga wace gunduwa ce ta fi ƙaranci a hannun jama'a sai ya fara da ita, don kada mai ita ɗaya tilo ya kashe kwamfutarsa a rasa ta gaba ɗaya kowa ya maƙale a kashi 99. Kuma akwai ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda a ciki, manhajarka tana fifita waɗanda suke turo maka da sauri, su take fara turawa, amma duk bayan kamar daƙiƙa 30 tana zaɓar wani haka kawai ta ba shi ko bai ba ta komai ba, don sabon shiga da bai da ko gunduwa ɗaya ya samu abin farawa. Wani Ba'amurke Bram Cohen ne ya tsara wannan a 2001, mutum ɗaya, kuma har yau a kan ginshiƙin da ya kafa ake tafiya.

To da naka ya cika ɗari bisa ɗari sai ka tashi daga mai nema ka koma cikin masu cikakken kwafi, waɗanda manhajar ke rubutawa Seeds, wato masu iri. Daga nan ba ka karɓar komai sai bayarwa, kuma qBittorrent ba ya tsayawa da kansa in ba ka sa masa iyaka ba. Kamfanin layi kuma abin da ya shigo da abin da ya fita duk lissafa maka yake. Giga 6 ta shigo, wajen 9 ta fita zuwa wasu mutane ƙila a Indiya ƙila a Barazil, ka ga 15 ɗinka ke nan.

MaiKafe_Zariya:

Bayanin Yallaɓai Injiniya ya yi wallahi, Allah ya ƙara basira. Amma ina so in ɗan ja birki a wuri ɗaya saboda kada yaron nan ya tafi da tunanin torent ya fi sauri kullum, ba haka ba ne musamman a nan wajenmu.

Misalin shagon fotokwafi ɗaya gaskiya ne a da, amma manyan kamfanoni yanzu ba saba ɗaya suke da ita ba, suna ajiye kwafin kayansu a ɗaruruwan wurare a duniya, akwai ma kamfanonin da sana'arsu ke nan kamar Akamai da Cloudflare, in ka danna dawunlod sai a haɗa ka da wadda ta fi kusa da kai, wani lokacin ma tana Legas ba sai an tsallaka teku ba. Shi ya sa bidiyon YouTube ke buɗewa nan take alhali miliyoyi ke kallo. Shi kansa Ubuntu yana da sabobin madubi a ƙasashe da yawa. Kuma maganar yankewa a koma farko, yawancin sabobi sun yarda a ci gaba daga inda aka tsaya, burauza ce wani lokacin ke watsar da rabin fayil ɗin, da ka yi amfani da manajan dawunlod irin su Free Download Manager ko ma wget da -c, wato umarnin ci gaba daga inda aka tsaya, da ka tsira da rabin da ka riga ka sauke.

Ni shekara da shekaru ina kafe na ga torent kala-kala. In abu sabo ne kuma mutane na rububinsa kamar ranar da aka saki sabon Ubuntu, to ba ka da abin da ya kai shi, zai cinye duk ƙarfin layinka. Amma ka nemi wani tsohon abu da mai iri ɗaya ne ya rage ko babu ma, sai ka kwana uku yana kashi 40 ba ya gaba ba ya baya, saba kuwa ko mutum ɗaya ne ya zo a shekara za ta ba shi in dai mai ita yana biyan kuɗi. Kafin ka danna komai ka duba yawan masu iri, in sifili ne kada ka ɓata lokacinka.

Sai matsalar layin waya. Mu da muke hawa intanet da sim, kamfani yakan haɗa mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya, to wani daga waje ba ya iya ƙwanƙwasa maka ƙofa kai tsaye sai dai kai ka ƙwanƙwasa masa, in ku biyu duk a irin wannan yanayin kuke sai haɗuwa ta yi wuya, shi ya sa za ka ga an rubuta mutum ɗari biyu suna nan amma da goma sha biyu kaɗai ka haɗu. Bature mai faiba a gida wanda ba a ƙirga masa giga shi wannan tsarin ya fi yi wa daɗi, ya bar kwamfuta a kunne wata guda ko a jikinsa.

Abin da za ka yi yanzu, shiga Tools sai Options, a ɓangaren Speed ka rage gudun turawa zuwa kamar kilobait 20 ko 30, kada ka mai da shi ƙasa ƙwarai don zai iya rage maka gudun saukewa tunda ana fifita mai bayarwa kamar yadda Yallaɓai ya faɗa. Sannan a ɓangaren BitTorrent akwai wurin iyakar sidin, wato Seeding ɗin nan, rabawar da yake yi bayan ya gama saukewa, ka sa ya tsaya da ya gama ko bayan 'yan mintuna. Kuma rufe tagar ba ya kashe shi fa, wani lokacin yana laɓe can ƙasa kusa da agogo, sai ka danna Exit.

Wani abu da mutane ba su sani ba, Windows 10 da 11 su ma suna da irin wannan a cikinsu, Delivery Optimization, kwamfuta na iya karɓar gunduwoyin ofdet daga wasu kwamfutoci ta kuma tura musu. Duk laftof ɗin da za ka haɗa da hotspot ka sa mata metered connection tukuna, wato ka nuna wa Windows layin mai ƙirga data ne, ka koya wa kwastomominku ma.

SabonHannu:

Kai, Allah ya saka da alheri Yallaɓai, na gode ƙwarai Oga Mai Kafe. Na duba yanzu wallahi ya rubuta abin da ya tura giga 8 da ɗigo 7, ashe lissafin ya fita daidai. To Xender da muke turawa juna abu da shi fa, shi ma torent ne? Sannan maganar laifin nan har yanzu ba a taɓa min ita ba, ita ta fi damuna.

UmmuKhairat:

Ƙanina bari ni in amsa maka ta laifin tunda na ga mazan sun tsaya a kan inji.

Ubuntu da ka sauke ba ka yi laifin komai ba, masu shi da kansu suka ajiye torent ɗin a shafinsu kuma so suke a raba, yana rage musu kuɗin saba ne ma. Haka Debian, ɗan uwan Ubuntu, haka LibreOffice, kishiyar Office ta kyauta, haka Internet Archive da ta fara ba da kayanta ta torent tun 2012, haka Kiwix da ke ba ka damar sauke Wikipedia gaba ɗaya ka karanta ba intanet, wannan ni kaina na sa an sauke mana shi a makarantar da nake koyarwa kuma yara suna amfana. Hanyar ba ta da laifi, abin da aka ɗauko ta cikinta shi ne abin dubawa.

Abin da ya ɓata mata suna tarihi ne. Napster, wani tsarin raba fayiloli tsakanin kwamfutocin jama'a da ya fito a 1999, waƙoƙin mutane aka yi ta rabawa da shi ba izini, kamfanonin waƙa na Amurka suka kai ƙara, a 2001 aka rufe shi, kuma ya rufu da sauƙi ne saboda duk da cewa fayilolin suna kwamfutocin jama'a, jerin sunayen wa ke da me yana kan sabar kamfanin, ana kashe ta komai ya tsaya. Waɗanda suka biyo baya irin su Gnutella da Kazaa sai suka yi ƙoƙarin kauce wa wannan cibiya ɗayar. Su ma masu Pirate Bay, wani shafin neman torent, a Suwidin kotu ta yanke wa mutum huɗu ɗaurin shekara guda a 2009 duk da sun ce su ba su ajiye fim ko ɗaya a sabarsu ba, hanya kawai suke nunawa.

Kuma ga wani bambanci da ya kamata ka riƙe, a dawunlodin na yau da kullum karɓa kawai kake yi, a torent kuwa tun kana kashi 5 ka fara rabawa wasu. Wato in kayan sata ne ba mai saye kaɗai ba ne kai, ka shiga cikin dillalai. Sannan adireshinka na intanet a buɗe yake ga duk wanda ke cikin taron, danna Peers a manhajarka za ka ga na mutane jere da tutar ƙasashensu, to haka su ma suke ganin naka. A Jamus ta haka lauyoyi ke samun mutane su aiko musu da takardar biyan tara har gida, 'yan uwanmu da ke karatu can a gaya musu. A Najeriya ma akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 kuma ta taɓo abin da ake yi a intanet.

Amma ni ko ba doka abin yana min ciwo ta wani wajen. Mun ga yadda kasuwar faifan finafinan Hausa ta mutu a idonmu, fim ya fito yau gobe yana memorin kowa a wajen 'yan dawunlodin a bakin kasuwa, wanda ya zuba kuɗinsa da masu ɗaukar hoto da masu haɗa sauti su tashi ba ko sisi. Marubutanmu ma haka, mace ta kwana tana rubutu ta sa ɗari biyar a littafinta, mutum ɗaya ya saya ya watsa a guruf goma. Ba torent aka yi amfani da shi a nan ba amma halin ɗaya ne, kuma haƙƙi ne, ba ya tafiya don ba a kama ka ba.

Ƙari ɗaya kan maganar hash da Malam Injiniya ya yi, don kada ka ɗauka tana kare ka daga bairos. Ita tana tabbatar maka ne cewa abin da ya iso shi ne abin da mai haɗa torent ɗin ya saka, in shi mugu ne ya cusa bairos a ciki to bairos ɗin zai iso maka cikakke ba ko ƙwarzane. Kai da kake taɓa kwamfutocin mutane ka kiyayi waɗannan kirak ɗin, wato kwafin da aka fasa wa lasisi, na Office da Photoshop da ake samu a shafukan torent, ka sa wa kwastoma a kwashe masa fasuwod na banki wa za a kama in ba ogan naka ba.

TsohonInjiniya:

Hajiya ta gama magana, musamman ta hash ɗin, na gode da gyara.

Xender da ka tambaya, eh shi ma tsakanin na'ura da na'ura ne ba saba a tsakiya, waya ɗaya ta buɗe hotspot ɗaya ta hau fayil ya wuce kai tsaye, shi ya sa ba ya cin data. Amma mutum ɗaya ne ke ba ka duka kuma sai kuna kusa da juna, babu yankawa gunduwa-gunduwa a karɓo daga mutum hamsin a lokaci guda. Dangi ne dai amma ba ɗaya ba. Kuma tunda ka riga ka sauke Ubuntun nan ka adana shi a filash, duk wani yaron shago da ke layinku ya zo ya kwafa kada wani ya sake ƙona giga 6.

Inda na ɗan saba da Mai Kafe shi ne maganar a sa ya tsaya da ya gama. A kan datar waya na yarda ɗari bisa ɗari, ba wanda zai ce yaro mai koyon aiki ya ciyar da duniya da giga 9. Amma ka tuna saurin da ka ji daɗinsa jiya wasu ne suka bar nasu a kunne, kuma tsofaffin fayilolin da Mai Kafe ya ce suna maƙalewa a kashi 40 ba komai ya kashe su ba sai kowa ya karɓa ya rufe. Ni a ofis muna da layin da ba a ƙirgawa, akwai Debian da Wikipedia ta Kiwix da na bari suna sidin da daddare in an tashi aiki, da izinin mai wurin. In wata rana shagonku ya samu irin wannan layin ka tambayi oganka, in ya yarda ka bar abin da ka sauke na halal ya mayar ko da kwafi ɗaya ne, wato reshiyo ya kai 1.

SabonHannu:

Na gode Hajiya, na gode iyayena duka, Allah ya bar zumunci. Nawa reshiyon ya wuce 1 ma ai tunda giga 8.7 na tura, na sa iyakar yanzu kuma na nuna wa ogana bayanin nan ya ce in kwafa masa a filash biyu. Laftof ɗin ta tashi lafiya, sai dai waifai ɗinta ba ya kamawa tun da na sa Ubuntu, zan buɗe wata tambayar daban a kan wannan in na duba sunan katin da ke ciki.